Shekarar Gatarin Aradu

Kabiru, ranar da ka dawo daga bikin dangin uwarku fuska a murtuke, ka ce wani dattijo ya nuna ka da leɓe ya ce ga ɗan mai aradu nan, na ce ka rabu da shi, tsufa ne ke damunsa. Ba tsufa ba ne. Mutumin ya san abin da yake faɗi, ko in ce ya san abin da aka daɗe ana faɗi, kuma na tabbata ba shi kaɗai ya nuna ka ba, shi ne dai wanda ka kama. Kai da yayarka Sadiya da ƙannenku kun sha tambayata abin da ya sa ba mu taɓa yin sallah a garin uwarku ba, alhali daga nan Funtuwa mota ɗaya ce sai ɗan guntun tafiya a babur. Nakan ce aiki ne. To yanzu na ajiye alli, ba ni da sauran abin fakewa, kuma gara ku ji maganar daga bakina kafin ku ji ta daga bakin masu ƙara mata gishiri.

Garin yana tsakanin Tsiga da Malumfashi, kun san shi, ba sai na rubuta sunansa ba. Can aka fara tura ni koyar da kimiyya a ƙaramar sakandare, can na ga uwarku, can kuma na aure ta a hannun baffanta Alhaji Dauda, wanda ya riƙe ta tun tana ƙaramar marainiya. Alhaji Dauda babban manomi ne na auduga da masara, mai shanun huɗa waɗanda ake zuwa kallo. Ba mugu ba ne, kada wani ya ce muku haka. Mutum ne dai mai son a ce nasa ya fi na kowa, kuma cikin duk abin da ya mallaka ba abin da yake ji da shi kamar wani rimi da ke tsaye shi kaɗai a kan tudu a bakin gari, wanda ya ce kakansa ne ya dasa. A gindinsa yake ɗaure shanunsa, a nan yake shimfiɗa tabarma ya karɓi baƙi, a nan masu ƙosai da awara ke kasa kayansu, kuma a nan ɗalibaina ke fakewa in ruwa ya tare su a hanyar komawa gida.

A aji biyu akwai darasin ƙasa da bala'o'in da ke tattare da ita. Littafin da aka ba mu cike yake da girgizar ƙasa da duwatsu masu aman wuta, abubuwan da yaran ba su taɓa gani ba, ni ma malaminsu haka. In na zana dutsen yana fitar da wuta a kan allo sai su yi ta dariya, su ce Malam ya zana tukunyar talge ta zubo. Da na ga haka sai na ce bari in koyar da abin da ke cin mu a nan gida: zaizayar da ke haɗiye gonaki, kududdufin da ke cinye yara duk damina, ruwan da ke kwantar da katangun ƙasa, da kuma aradu. Na kwashi ajin muka tafi bayan rafi kallon wani kwari da ruwa ya yanka, wanda ya riga ya ci kusan rabin gonar wani tsohon Bamaguje mai suna Nomau. Tsohon ya ji daɗin ganin wani ya damu da raminsa. Ya bi mu yana nuna wa yara inda iyakar gonar take a zamanin ubansa, wurin da yanzu sai iska. Da za mu tafi ya shiga bukkarsa ya fito da wani baƙin dutse mai santsi, tsawonsa kamar tafin hannu, gefe ɗaya a fiƙe, ya ce garma ce ta tono masa shi. Yara suka ja da baya, don kowa ya san gatarin aradu, wanda ake cewa da shi take faɗowa, ya nutse cikin ƙasa, sai bayan shekaru ya taso. Ni kuwa an nuna mana irinsa a kwaleji, na san mutanen da ne suka wasa shi da hannunsu tun kafin a san ƙarfe. Na tambaye shi cikin raha ko gaskiya ne su Maguzawa suna tura wa ɓarayi aradu.

"Malam, mu rantsuwa kawai muke da ita," in ji shi. "Da muna iya aikenta, da ba a kwashe mani tumaki bara ba. Ɗauka ka kai ma yaranka, ni nauyi yake mani."

Na kai dutsen aji na ce kowa ya taɓa. Rabinsu suka taɓa, rabi suka ɓoye hannu a hijabi da aljihu. Na goga matajin roba a gashin wani yaro, na nuna musu yadda yake ɗaukar guntayen takarda ba tare da an taɓa su ba, na ce irin wannan ƙarfin ne ke taruwa a cikin hadari, sai dai nasa ya fi ƙarfin kwatance. Na koya musu in sun ga walƙiya su riƙa ƙirgawa a zuci har tsawa ta iso, don su gane ko hadarin yana nesa ko ya matso. Na ce kada su tsaya a fili da fartanya a kafaɗa, kada su fake a gindin doguwar bishiyar da ke tsaye ita kaɗai. Na kuma nanata musu abin da ya fi damuna. A ƙasarmu in aradu ta faɗa wa mutum ba a taɓa shi, sai an je ruga an samo nono an yayyafa masa, wai wutar tana nan a jikinsa tana jiran na biyu. Na ce musu babu wata wuta da ke saura, jiran nonon ne ke kashe mutane da yawa, ba aradun ba. Sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta tambaye ni wace bishiya ce ta fi haɗari a garin. Tambaya ce ta aji, na ba ta amsa ta aji. Na ce rimin tudu.

Kafin mako ya zagayo darasin nan ya shiga kowane gida, amma ba da kamannin da ya fita daga bakina ba. Matajin ya zama rufa-ido. Ƙirgen da yara ke yi da leɓɓansu in an yi walƙiya ya zama surkulle da Malam ya koya musu. Zuwana gonar Nomau ya zama zuwa ɗaukar karatu a wurin Maguzawa, aka ce har an ga sun ba ni wani abu a ƙoƙo na sha, alhali ko ruwa ban sha ba. Masu ƙosai kuma suka fara naɗe kayansu daga gindin rimi da zarar gabas ta yi duhu, wannan ne ya kai maganar kunnen Alhaji Dauda. Ya aiko aka kira ni. Na same shi a kan tabarmarsa, na durƙusa na gaishe shi gaisuwar suruki, ya daɗe yana kallon shanunsa kafin ya kalle ni.

"Malam Habu, ɗiya na ba ka, ban ba ka rimi ba. Mi iccen nan ya yi maka za ka yi mai baki gaban yara?"

Na ce ba baki na yi masa ba, tsawonsa da tsayuwarsa shi kaɗai a kan tudu ne abin tsoro, kuma don yaran da ke fakewa a nan na faɗa, har da shi kansa.

"Ya girmi ubanka," ya ce. "Duk damunan da ya gani ba abin da ya same shi, sai yanzu da ka zo da dutsen Maguzawa a aljihu?"

Da na koma gida na tarar maganar ta riga ni. Ƙanwar Alhaji, Gwaggo Asabe, wadda ba a yin zance a garin ba da ita ba, ta zo ta tafi. Uwarku tana goye da Sadiya tana tankaɗe, ba ta ɗago kai ba ta ce da na mayar wa Nomau dutsensa da hankalin kowa ya kwanta. Raina a ɓace yake, na amsa mata da zafi. Na ce dutse ne kawai, ba shi da bambanci da wanda take dandaƙa kanwa da shi a madafa, kuma ranar da na mayar da shi don tsoron bakin mutane, ranar na ƙaryata duk abin da na koya wa yaran. Ta ci gaba da tankaɗenta, ta ce, "To." Wannan "to" ɗin na yi shekaru ina juya shi a raina. Kun san uwarku, da kalmar nan ɗaya take yarda, da ita take ƙi, da ita take sallamar mai talla.

Abin ya faru ne a tsakiyar damina, wata la'asar. An kwana biyu ana ruwa, sai na ce bari in je in ga yadda kwarin Nomau ya ƙara ci, don in ba yara labari. Ina dawowa hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin, mutanen da ke gudowa daga gona duk sun gan ni ina hawowa daga wajen unguwar Maguzawa. Na kusa shiga gari ke nan sai duniya ta yi fari fat, ƙarar da ta biyo baya kuwa ba a kunne na ji ta ba, a haƙora na ji ta. Da idona ya dawo na hangi rimin ya tsage daga sama, ɓawonsa ya saluɓe, hayaƙi na tashi a cikin ruwan. Na ruga. Sa ɗaya yana kwance ya miƙe ƙafafu, ɗayan ya tsinke igiya ya gudu, ga kuma Alhaji Dauda a rigingine a cikin taɓo, ya zo kwance shanunsa ne abin ya rutsa da shi. Mutane sun fito sun kewaye shi daga nesa, sun bar fili a tsakiya kamar za a yi dambe. Ana ta salati. An riga an tura wani a keke zuwa ruga neman nono, rugar kuwa tana hayin rafin da ya cika ya batse. Na kutsa zan shiga filin sai Gwaggo Asabe ta riƙe mini hannun riga.

"Kul, Malam. Ba mai taɓa shi sai mai ita."

Na fahimci abin da take nufi sarai, wato wanda ya aiko aradun, kada ku ɗauka cikin ruɗewa na yi abin da na yi. In na tsaya a layi tare da kowa, za a ce ƙaddara ce, a yi ɗan gunaguni a kaina, ya wuce. In na taɓa shi kuma ban faɗi ba, na sa hannu a kan duk abin da ake faɗa. Na duba cikin mata na hangi uwarku, ruwa na zuba a kanta, Sadiya na tsala kuka a bayanta. Ta kalle ni, na kalle ta. Ba ta gyaɗa kai ba, ba ta girgiza ba. Na fizge rigata na shiga. Babu numfashi a jikinsa, ga warin ƙonannen gashi. Na haye kansa na ɗora tafin hannuna a tsakiyar ƙirjinsa na shiga dannawa, in danna in danna, sannan in toshe masa hanci in hura masa iska a baki, kamar yadda 'yan agaji suka koya mana a kwaleji a kan wani mutum-mutumin roba muna ta wasa da abin. Ni da ko haɗa ido da surukina ba na yi, ga bakina a kan nasa a gaban duk gari. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba, na dai san hannuwana sun mutu. Can sai ya yi wani irin tari, ƙirjinsa ya ɗaga da kansa. Na ɗago kai ina tsammanin wani zai zo ya kama mini shi, sai na ga filin ya ƙara faɗi.

Kun taso a birni, don haka sai na yi muku bayani. A ƙauyukanmu in an zargi mutum da maita, an ce ya kama kurwar wani, akan tilasta shi ya tsallaka marar lafiyan don ya sake ta. Ni kuwa ba wanda ya tilasta ni. Na zo daga wajen Maguzawa, aradu ta faɗi a kan bishiyar da na ambata da bakina, ta sami mutumin da muka yi sa-in-sa da shi, na haye kansa, na hura masa rai, ya tashi. Ko ni aka ba wa labarin nan a kan wani, sai na yi jim kafin in ce ƙarya ne. Liman, Allah ya jiƙansa, ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Ya tsaya bayan sallar Juma'a ya ce tsawa da walƙiya ba mai iko da su sai Allah, kuma wanda ya ceci rai godiya ya kamata a yi masa. Kowa ya ce haka ne, Allah gafarta Malam, aka fito aka ci gaba daga inda aka tsaya. Mai shayi ya ware mini kofi nawa ni kaɗai. A sahun salla sai in ji kafaɗar na kusa da ni ta janye. Ajina ya rage sai 'yan tsiraru, su ma a can baya suke takurewa, in na miƙa alli a zo a yi rubutu ba mai karɓa daga hannuna, sai na ajiye a kan tebur.

Duk wannan da sauƙi a kan abin da ke cikin gidana. Uwarku ta koma jinyar baffanta, takan zo da rana ta dafa mini abinci ta koma, magana ba ta wuce sannu da ga ruwa. Ban san abin da ake zuba mata a kunne a can ba, amma na san masu zubawar. Abin da nake son sani ɗaya ne, kuma shi ne na kasa tambaya: ita ma ta yarda ni na tura wa mutumin da ya rene ta aradu? Gari duka ya zarge ni, zan iya ɗauka. Amma a ce macen da ke dafa mini tuwo tana yi ne tana tsorona, wannan ya hana ni sukuni.

Daga baya dagaci ya tara dattawa aka yanke shawara. In kawo dutsen, a zuba masa nono a gaban shaidu, a binne shi a cikin kwari, magana ta mutu. Raina bai so ba, amma na tuna kujerun ajina da ba kowa, na ce na yarda. Na zo gida na sauke jakar kayan koyarwa da nake ratayewa a ƙusa a bayan ƙofa. Ga mataji, ga guntayen alli, babu dutse. Na birkice ɗakin nan kaf, har katifa na ɗaga. Uwarku tana madafa ina jin ƙarar dakanta, ba ta fito ba, ni ma ban leƙa ba. Na koma gaban dattawa hannu biyu na ce dutse ya ɓata. Wani ya yi murmushi, wani ya kalli ƙasa, dagaci ya ce to Allah ya kyauta. Wanda bai yarda ba a da, ranar ya yarda, don a ganinsu na gwammace in rasa mutuncina da in rabu da makamina.

Ba wanda ban zarga ba. Na zargi shugaban makarantarmu, wanda dama yake ganin na cika iyayi. Na zargi ɗalibai, na bi su ɗaya bayan ɗaya da tambaya har wasu suka yi kuka. Na zargi Gwaggo Asabe, har yau kuma ina ganin da ta sami hanya da ta yi. Na je har bayan rafi na tambayi Nomau ko ya aiko an ɗauke abinsa, tsohon ya ce da ya san haka dutsen zai jawo mini da ya jefa shi rijiya, ya kuma roƙe ni in rage zuwa, don su ma an fara kallonsu. Mutum ɗaya ce ban tambaya ba. Na riga na ƙulla a raina cewa in ita ta ɗauka, to danginta ta kai wa don a karya abin da suke zaton na yi, kuma ranar da na ji haka daga bakinta, ranar zaman ya ƙare. Sai na zaɓi in zauna da zargi.

Kafin kaka takardar canjin wurin aiki ta zo, aka jefa ni wani ƙauye can wajen Musawa. Na je yi wa Alhaji Dauda sallama. Ya warke, sai dai kunnensa ɗaya ya mutu, hannun dama kuma yana rawa. Ya sallami mutanen da ke zaure, ya matso kusa da ni, ya yi magana ƙasa-ƙasa, ba da faɗa ba.

"Malam Habu, mu biyu ne nan. Kai ka aiko ta, daga baya ka ji tausai?"

Na rantse masa da Allah. Ya gyaɗa kai irin na wanda ya ji, ba irin na wanda ya yarda ba, ya ce ko ma yaya ne ya gode da rabin na biyun. Har ya koma ga Mahaliccinsa bai sake cin abincin gidana ba. Dangi sun so uwarku ta zauna, ta ɗaure kayanta ta goya Sadiya ta hau motar da ta kwashe mu. Za ku ce ai wannan amsa ce. Ni ban ɗauke ta amsa ba, na ce ƙila don 'yarta ne, ƙila don ba ta son a ce marainiya ta kashe aurenta. Shekara da shekaru, duk sanda aka yi tsawa sai in ga ta ɗago ta kalle ni, ni kuma in kawar da kai. Na ci gaba da koyar da darasin nan a duk makarantar da aka kai ni, ban rage ko kalma ɗaya ba, amma ban sake kai dutse aji ba, kuma in yaro ya tambaye ni wace bishiya, nakan ce ya duba da idonsa.

Bara waccan, lokacin da ciwon gwiwa ya kwantar da uwarku, ku duka kun watse gidajenku, ta ce tana marmarin kunun kanwa. Ni da ban taɓa sanin inda ake ajiye ludayi ba, na shiga madafa, ita kuma ta zauna a kujera a bakin ƙofa tana ba ni umarni tana dariyar yadda nake riƙe muciya. Ta ce kanwa tana cikin gwangwani, dutsen kuma yana bayan randa. Na miƙa hannu na lalubo shi. Hannuna ya gane shi kafin idona. Bakin ya dakushe, jikinsa ya yi fari da kanwa, amma shi ne. Na fito da shi haske na tsaya ina jujjuya shi.

"Ka tsaya kallonsa, ruwa na ƙonewa," ta ce.

Na tambaye ta tun yaushe. Ta ce tun ranar da dagaci ya aiko a kira ni gaban dattawa. Na ce ta san abin da ɓatansa ya jawo mini kuwa?

"Na sani, Malam. Da ka kai shi an zuba mai nono an rufe, ka amsa ke nan cewa wani abu ne. Da sun bar ka ka zauna, amma kai da ɗiyanka kun zama masu aradun da aka yi wa afuwa. Gara su zarge ka kana musu."

Na ce to me ya hana ta gaya mini duk shekarun nan.

"Da farko na san halinka, ɗauka za ka yi ka kai masu. Daga baya kuma ina jira ka tambaya. Har Nomau ka je ka tambaya, ni ka wuce ni."

Na zauna a kan turmi. Na ce da ita kallon da take yi mini in an yi tsawa fa? Ta ce ai ta san ni da fita tsakar gida ina kallon sama ina ƙirge-ƙirgena, tana duba ne ko na tashi ta hana ni. Sannan na yi tambayar da na riƙe tun Sadiya tana goye. Na ce ashe ba ta taɓa tsoron dutsen ba, ba ta taɓa tsorona ba. Ta miƙo hannu ta karɓe shi, ta juya shi a tafinta.

"Ranar farko na ji tsoro, ba zan ɓoye maka ba. Amma kai ka ce mani bai da bambanci da na kanwa. Na ce to."

Ban ji kunyar hawayen da na yi a madafar nan ba, kuma ba na jin kunyar rubuta shi. Na yi baƙin cikin shekarun da na yi ina kwana da tashi da amsata a bayan randa, na yi farin cikin da ban taɓa yin irinsa ba, duka a zama ɗaya, kunun kuma ya ƙone. Da ta ga na natsu sai ta ƙara mini da cewa lokacin jegonka, Kabiru, Gwaggo Asabe ce da kanta ta sauko daga fushinta ta zo ta kwana biyu, kuma ita ta riƙa dandaƙa kanwar kunu da dutsen nan safe da yamma, har tana yaba santsinsa, tana cewa in an sami irinsa a kasuwar Musawa a saya mata.

Dutsen yana nan a bayan randa, uwarku ta ce ba mai kai shi ko'ina. Duk wanda ya zo gida a cikinku ya shiga ya ɗauka ya taɓa. In kuma wani ya sake nuna ka da leɓe, Kabiru, kada ka ɓata fuska. Ka gaishe shi da ladabi, ka ce masa e, kai ne ɗan mai aradu, da gatarinta aka dandaƙa kanwar da uwarka ta sha ta shayar da kai, kuma ga ka nan tsaye.